Sa Hannun Alhaja Wosilatu

Ƙarfe bakwai na safe Mufutau yake shigowa, kullum, ko minti ɗaya ba ya ƙarawa. Alhaja Wosilatu takan ji ƙarar silifas ɗinsa tun daga matattakala. Zai turo ƙofa, ya zube rub da ciki ya gaishe ta yadda ɗa na gari yake gaida uwa a Ibadan, ya tashi ya kaɗe gaban rigarsa, sannan ya jawo ɗan faranti na katako ya ɗora mata a cinya. A kan farantin akwai littafin rubutu irin na 'yan firamare, da shuɗin biro, da hoton wata tsohuwar takarda mai ɗauke da sa hannunta na shekarar 1986.

"Maami, bismillah. Yau layi ashirin kawai."

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafar ba ta ɗaukarta, bakin ya ɗan karkace, magana sai ta jawo ta da ƙyar. Amma kan nan garau yake, kan da ya shekara talatin da ɗaya yana koya wa 'yan mata lissafi. Da wannan kan ta san abin da ɗanta yake nema da hannunta.

A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe. A ciki takardun hannun jari ne na kamfanoni goma sha ɗaya, waɗanda ta yi ta tsinta kaɗan-kaɗan daga albashi. A can ƙasansu kuma, cikin wata koriyar leda, takardun lamunin gwamnati ne, waɗanda ake biyanta ribarsu sau biyu a shekara. Daga wannan ribar banki yake biyan mai kemis na Oke-Ado kai tsaye, shi kuma duk ɗaya ga wata ya aiko mata da maganin hawan jini da na tsinka jini a farar jaka. Ita ta tsara haka da kanta tun tana kan ƙafafunta, don kada ranar tsufa ta roƙi kowa ƙwayar magani, ko da ɗan cikinta ne.

Mufutau ya so ya sayar da hannayen jarin, ya zuba kuɗin a wani sabon kamfani. Sai dai ba a sayarwa sai mai su ya sa hannu a takardar miƙawa, dillali ya aika ofishin rajista a Legas, su ɗauko takardar ranar da aka saya su gwada. Karo na farko shi ya kwaikwayi sa hannun, aka dawo da takardar da jan hatimi: sa hannu bai yi daidai ba. Karo na biyu ya riƙe hannunta ya ja, aka sake dawowa da ita, har da gargaɗin cewa idan za a sake, mai kayan ta zo da kanta. To, shi ne fa aka buɗe makaranta a ɗakin Alhaja.

Ta kama biron. Yatsun suka ƙi haɗuwa, biron ya zame, ya ja wani dogon layi har bakin takarda.

"Ba komai, ba komai," in ji Mufutau, yana murmushin da bai kai ido ba. "Sake. Ki fara da wannan lanƙwasar ta sama, kamar yadda kike yi da. Mulika! Kawo man kaɗanya a murza mata yatsun."

Mulika, matarsa, ta shigo da gwangwanin man, ta durƙusa har ƙasa. "Mama, kun tashi lafiya? Ku kawo hannun." Ta yi ta murzawa yatsa bayan yatsa, a hankali, sai ka rantse 'yar cikinta ce.

"Mufu," Alhaja ta ce, harshen yana mata nauyi. "Kamfanin nan... kawo min takardunsa in gani."

Fuskarsa ta washe. Ya zaci ta sauko. Da gudu ya haura sama ya dawo da wani littafi mai sheƙi, bangonsa hoton gonar rogo kore shar, da wasu manyan tankuna suna walƙiya a rana. Kamfani ne wai zai riƙa fitar da man mota daga rogo. A farkon shekarar 2008 ɗin nan, wa ba ya maganar hannun jari a garin nan? Mai faci a Dugbe yana da dillali, mai sayar da barkono a Bodija tana tambayar farashin banki kaza. Kowa ya zama gwani.

Alhaja ta karɓa da hannun hagu, ta kifa shi, ta fara buɗewa daga baya. Haka take karanta rahoton kowane kamfani, domin a gaba ake sa hotunan shugabanni da murmushi, a baya ake ɓoye lambobi. Ta buɗe shafi ɗaya, biyu, uku. Hotuna ne har ƙarshe.

"Ina ribar bara?"

"Ba su fara aiki ba tukuna, Maami. Ai daɗin ke nan, mu ne na farko."

"Ina masana'antar?"

"Ana ginawa, a hanyar Iseyin."

"Ka je?"

"Ga hotonta nan a gabanki."

"Na ce ka je ka tsaya a bakin ƙofa? Ka ƙirga motocin da ke fita da kaya?" Ta tsaya ta haɗiyi miyau. "Wa ya duba musu lissafi? Nawa ake bin su? In ka so sayarwa gobe, wa zai saya, tunda ba su shiga kasuwar hannun jari ba?"

"Nan da wata shida za su shiga. Naira biyu za ta koma goma sha biyar."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani!"

"Kamfanin sabulu... da idona na ga sabulunsa a kowane shago kafin in saya. Na fulawa, shekara biyar ina bin rabon ribarsa. Wannan ba kamfani ba ne, Mufu. Kalanda ce."

Ya fizge littafin daga hannunta har gefen takardar ya yanke ta a yatsa. Mulika ta sunkuyar da kai tana rufe gwangwanin mai.

"Kin ji matsalarki ke nan," ya ce. "Shekara talatin kina tara takardu kamar ɓera, me suka yi mana? Kuɗi suna kwance a ƙarƙashin gado suna minshari, ni ina yawo da mota mai hayaƙi, abokaina suna gina gidaje a Akobo. Don wa nake yi? Ba don in kai ki Indiya a gyara miki ƙafar nan ba? Kuma in gaya miki gaskiya, ko ba daɗe ko ba jima kayan nan nawa ne. Ni kaɗai kika haifa."

Ya tura mata littafin rubutun. "Layi ashirin."

Daga ranar aka canza tsarin gidan, ba tare da kowa ya furta ba. Karin kumallo ya koma bayan layi ashirin. Magani kuma, ai likita ya ce sai an ci abinci ake sha. Saboda haka idan hannun ya yi gardama, koko da ƙosai suna nan a rufe a kan kujera inda take ganinsu, farar jakar magani tana kusa da su, har rana ta take. Wajen ƙarfe goma sai ta fara jin jini yana buga mata a kunne, dum, dum, ƙeyarta ta yi nauyi. Da haka ciwon shanyewar ya fara mata, ranar da ta faɗi a bakin famfo. Takan kafe jakar da ido tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Matarmu," takan ce wa Mulika, "ba ni ƙwaya ɗaya. Ɗaya kawai."

"Wayyo Mama, da ciki wayam? Ku rufa min asiri, in wani abu ya same ku ni za a ce. Ku daure ku ƙarasa, saura layi bakwai."

Haka ma banɗaki. Ba ta iya zuwa sai an kama ta. A da, kira ɗaya Mulika take zuwa. Yanzu sai ta kira sau biyar, shida, ta ji famfo yana zuba a kicin, ta ji rediyo. Ran nan ba ta iya riƙewa ba. Mace mai shekara sittin da takwas, wadda ɗalibanta suke miƙewa tsaye in ta shigo aji, ta zauna cikin jiƙaƙƙen zane har azahar tana kuka ba sauti. Da Mulika ta zo sai ta tafa hannu ta ce, "Ayya, Mama, ai da kun ɗaga murya."

Wayarta ma an ɗauke, wai ƙararta tana tayar mata da hawan jini.

Abin da ya fi ƙona rai, duk unguwa yabon Mufutau ake yi. Ranar Lahadi matan ƙungiyarsu ta addu'a, Asalatu, suka zo dubiya, su shida, cikin fararen kaya, suka cika ɗakin da ƙamshin turare. Shugabarsu ta ɗauki littafin rubutun tana juya shafuka, shafi bayan shafi cike da suna ɗaya.

"Allahu akbar! Ku zo ku ga ɗa. Kullum shi yake zama ya koya mata rubutu da kansa? Alhaja, kin haihu. Nawa yana Legas, ko waya sai na roƙa."

Alhaja ta buɗe baki. Ta riga ta shirya kalmomin tun asuba, guda huɗu kacal: ku kira Baba Oyewole. Shi ne tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da suke zuwa taron shekara na kamfanoni tare, su zauna a layin gaba su yi wa shugabanni tambayoyin da ke sa su gumi. Shi kaɗai zai gane da kallo ɗaya. Ta ɗaga ido, sai ga Mufutau a jingine da ƙofa, riƙe da tiren lemo, yana kallonta. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Matan nan za su tafi kafin la'asar, ita kuwa a nan za ta kwana.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Baba Oyewole ya zo da kansa ranar Laraba. Ta ji muryarsa ta taga, da ƙwanƙwasar sandarsa a kan siminti.

"Barci take, Baba," in ji Mufutau. "Likita ya hana a tashe ta."

"Sau uku ke nan ina zuwa tana barci. Rahoton kamfanin fulawa na kawo mata, sun ƙara rabon riba. Ka ce mata kada ta kuskura ta saki ko ɗaya, kasuwar nan zazzaɓi take yi, ba lafiya ba ce."

"Zan gaya mata, Baba. A sauka lafiya."

Ta tattara duk ƙarfinta ta kira sunansa. Abin da ya fito bai wuce gurnani ba, kuma daidai lokacin Mulika ta ƙara muryar rediyo. Tana ji sandar ta yi nisa, har ta daina jin ta.

Akwai abin da Alhaja take ɓoyewa. Hannun yana dawowa. Murzar nan ta kullum da rubutun dole sun yi aiki, tun mako na uku ta ji yatsun sun fara jin maganarta. Sai ta shiga ɓata rubutun da gangan, ta karkatar da lanƙwasar, ta sa biron ya zame. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. In hannun ya ƙi, ga yunwa ga jini yana buga mata a kunne. In ya yi daidai, to me ya rage da za a shigo ɗakinta dominsa?

Carbi ne ya tona ta. Wata safiya ta idar da salla a zaune, ta manta, tana ja da hannun dama, ƙwaya bayan ƙwaya, tsaf. Ba ta ji shigowar Mulika ba. Da ta ɗaga kai suka haɗa ido, Mulika ta ajiye butar da ke hannunta ta juya ta fita.

Ranar Mufutau bai zube ya gaishe ta ba. Ya jawo kujera ya zauna daf da ita, har tana jin hucin numfashinsa.

"Ashe wasa kike min da hankali."

"Mufu..."

"Wata biyu! Kin san nawa na yi asara a wata biyu? Ranar Juma'a ta sama za su rufe sayarwa." Ya kama wuyan hannunta ya ɗaga, ya matse har ta ji ƙashin. "Hannun da ke jan carbi ba zai iya rubuta sunansa ba?"

Ya saki, ya goge fuskarsa da tafin hannu, ya sassauta murya. Sassaucin ya fi tsawar ban tsoro.

"Shi ke nan. Ni na gaji, Mulika ma ta gaji, bayanta har ciwo yake saboda ɗaga ki. Akwai wani mai magani a ƙauye bayan Igbo-Ora, an ce yana tayar da shanyayyu. Can zan kai ki ki zauna wata shida ko shekara. Ba a shan maganin asibiti a wurinsa, sai nasa. Kowa zai ce na yi ƙoƙari."

Ta san irin wuraren. Ta taɓa raka wata maƙwabciya dubiya: rumfar kwano, tabarmi a jere a ƙasa, ƙudaje, tsofaffi kwance suna kallon sama, babu mai zuwa musu sai ranar ɗaukar gawa.

"Zan sa," ta ce. "Zan sa hannun. Ka ɗauki na kamfanonin duka. Amma koriyar leda... ka bar min. Maganina ne."

"Haba Maami, me zan yi da takardun gwamnati? Ribar da ba ta taka kara ta karya ba?"

"Rantse."

"Na rantse da Allahn da ya halicce ni. Na rantse da nonon da na sha."

Ta ɗauki biron ta rubuta sunanta sau ɗaya, da lanƙwasarsa ta sama da jan layinsa na ƙasa. Ya ɗora shi kusa da na 1986, ya duba wannan ya duba wancan. Sai ga shi rub da ciki a ƙasa yana sa mata albarka, wai Allah ya ja da ranta. Ranar har da naman kaza a miyar ewedu.

Ranar Talata suka ɗauki hanyar Legas da sassafe, an naɗe ta a kujerar baya kamar kaya. Ofishin rajistar yana hawa na uku, wasu masu gadi biyu suka ɗaga ta da kekenta. Mutane maƙil, kowa da takardu a hannu, ana ta ture-ture. Matar da ke kan teburin, mai tabarau a kan hanci, ta ɗauko tsohon fayil ta buɗe.

Alhaja ta ƙura mata ido. A ranta tana cewa, 'yata, dube ni. Dubi fuskata sau ɗaya. Ki ce ya fita waje ki tambaye ni ni kaɗai.

"Mama, ku ne Wosilatu Abeke Ladimeji?"

"Ni ce."

"Da yardarku za a sayar?"

Hannun Mufutau yana kan kafaɗarta, yana ɗan shafawa. Duk wanda ya gani zai ce lallashi ne.

"E."

"Ku sa hannu a nan, da nan."

Sau goma sha ɗaya ta sa. Matar ta gwada kowanne da na fayil, tana gyaɗa kai. "Kai, Mama, hannunku bai tsufa ba. Wasu matasa ma sai mun mayar da su sau uku." Ta buga hatimi, ta ɗaga kai ta kira na gaba. A bakin aikinta ba ta yi kuskuren komai ba, sa hannu aka ce ta duba, kuma ya yi daidai.

Washegari ƙarfe bakwai ta yi, babu ƙarar silifas a matattakala. Bakwai da rabi, takwas. Ba a sake ganin gwangwanin man kaɗanya a ɗakin ba. Mufutau yakan leƙo daga bakin ƙofa in zai fita, waya a kunne, ya ɗaga mata hannu. Ya sayi sabuwar mota, ba da kuɗin hannayen jarin ba, da rancen da banki ya ba shi ya ƙara zubawa a kasuwa. Maganar Indiya ko da wasa ba ta sake tasowa ba.

Kafin damina ta kankama kasuwar ta fara gangarowa. Alhaja tana ji a rediyon kicin, kullum ƙasa, kullum ƙasa. Wata shida suka cika, kamfanin rogo bai shiga kasuwa ba. Aka ce sai Satumba. Da Satumba ta zo Mufutau ya je ofishinsu a Ring Road ya tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce tun watan jiya suka kwashe kujeru. A ranar ne, bayan komai ya bi ruwa, ya tuƙa mota zuwa hanyar Iseyin don ya ga masana'antar. Ya sami allo, da katanga mai layi huɗu na bulo, da awaki.

Ya dawo ya tsaya a kanta, idanu jajur.

"Kin ji daɗi? Bakinki ne. Tun farko ba ki sa wa abin albarka ba. Uwa ta kalli neman ɗanta ta ce kalanda, ta yaya zai yi kyau? Kuma da kin sa hannu tun Janairu, da na juya kuɗin sau biyu na fita kafin a faɗi."

Ta lura idonsa ya sauka ƙasa, wajen ƙafar gado, ya ɗan daɗe a can kafin ya fita.

Tun daga ranar ta san rantsuwar nan ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Banki yana kiransa safe da yamma, tana jin yadda yake ƙasƙantar da murya a waya. An zo an tafi da sabuwar motar. Mulika ta daina gaishe ta. Alhaja ta zauna ta yi lissafi irin nata, ta ga abu ɗaya ne ya rage a ikonta. Ba za a taɓa koriyar leda ba sai da sa hannunta. To, in babu hannun fa?

Ta daina jan carbi da dama. Ta daina motsa yatsun. Duk zaman da za ta yi, sai ta kama hannun da na hagu ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta ta danne, tun yana zugi har ya yi shiru. Tana yi tana neman gafarar Allah, don ta san amana ce take kashewa. Cikin mako shida yatsun suka lanƙwashe suka manne da tafin, suka yi sanyi. Ta gwada ɗaukar cokali, ya faɗi. Wallahi ranar sai da ta yi murmushi, na farko a cikin watanni. Ko shekara zai yi yana murzawa, wannan hannun ya gama rubutu.

Ɗaya ga watan Nuwamba farar jaka ta iso kamar kullum. Uku ga wata, da hantsi, ta ji mota ta tsaya, ta ji Mufutau yana cewa, "Bismillah, shigo, tana ciki."

Wata budurwa ce cikin kwat, da katin banki rataye a wuya, tana duba agogo tun kafin ta zauna. Mulika ta riga ta canza wa Alhaja zane, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta fesa turare a ɗakin. Koriyar ledar tana hannun Mufutau. Ko yaushe ya ciro ta, ba ta sani ba.

"Sannu Mama, ya jiki? Ɗanku ya ce kuna so a sayar da takardun lamunin nan saboda kuɗin asibiti."

Alhaja ta zaro hannun daga ƙarƙashin mayafi da na hagu, ta ɗaga shi sama yadda yarinyar za ta gani da kyau.

"Ba na... iya rubutu. Duba. Ya mutu."

"Ayya, na gani Mama, Allah ya sawwaƙe. Kada ku damu, ai shi ya sa na zo da kaina." Ta buɗe jaka ta ciro wata takarda. "Ga wasiƙar likita, ya tabbatar hannun ba ya aiki. In haka ta faru ba ma wahalar da tsofaffi. Dangwale kawai za ku yi, ni ce shaida."

Ta ajiye ɗan ƙaramin akwatin tawada a kan gado, ta buɗe murfin.

Alhaja ta kalli tawadar. Ta kalli ɗanta. Kansa yana sunkuye, yana gyara takardun, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Mufu. Ka rantse."

"Me suka ce?" in ji yarinyar.

"Addu'a take min," ya ce. "Maami, aro ne. Da zarar na farfaɗo zan saya miki ninkinsu. Magani kuma ni zan riƙa saya, ba ni ne ɗanki ba? Ko so kike a ɗaure ni?"

Ta so ta ce a'a, kalmar tana nan a kan harshenta. Sai rumfar kwanon nan ta bayan Igbo-Ora ta faɗo mata a rai, da tabarmin, da ƙudajen. Yarinyar za ta koma ofis kafin azahar.

Mufutau ya kama hannun. Ta aika wa hannun umarni da duk abin da ya rage a jikinta: ƙi, janye, dunƙule. Wata biyu da suka wuce da ya ji, da ya fizge, ko ya ture akwatin tawadar ya zube, yarinyar ta ga abin da ake ciki. Amma ita da kanta ta danne shi har ya daina jin kira. Ya ɓamɓare babban yatsan daga tafin cikin sauƙi, ya danna a tawada, ya danna a takarda, sau uku. Ko nauyin dannawar ba ta ji ba.

"Shi ke nan Mama, kun ga ko minti biyu ba a yi ba," in ji yarinyar tana hura takardar. "Allah ya ba ku lafiya. Kun yi sa'ar ɗa."

Suka fita tare, yana riƙe mata jaka. Mulika ta kwance sabon ɗankwalin ta ninke ta tafi da shi.

Babu wanda ya daki Alhaja Wosilatu, babu wanda ya fasa mata akwati. Duk takardar da aka cika tana da hatimi da shaida, ko gaban wane alƙali aka kai ta za ta tsaya. Likita ya rubuta gaskiya, ma'aikaciyar banki ta bi ƙa'ida, matan Asalatu har yau in an yi maganar 'ya'ya na gari sai sun kawo sunan Mufutau.

Bayan sun fita ta jawo farar jakar da hannun hagu, ta zazzage ƙwayoyin a cinyarta ta ƙirga. Na kwana ashirin da takwas ne. Ta sake ƙirgawa, ko ta yi kuskure, ita da ba ta taɓa kuskuren lissafi ba. Sannan ta ɗauki ta ranar, ta sa a baki ta gutsura rabi, ta mayar da rabin cikin jaka.